Katin Uwar Direba

Fara ɓarauniya ce. A je a faɗa mata, a kuma ce mata ba a ɓoye aka faɗa ba. Ba zobe ta ɗauka ba, ba zani ba. Abin da ta sata ba ya shiga jaka, amma sata ce, kuma da rana tsaka aka gan ta da shaidar a hannu, a ƙofar tashar jirgin ƙasa, tana murmushi.

Wadda aka yi wa satar yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda kowa a unguwarsu ke kira Mai Wanki. Shekara talatin da 'yan kai tana durƙushe gaban baho, tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin dutsen guga. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ƙanwar tata Fara, wadda hasken fatarta ya ja mata sunan, ita ce ta haifi 'ya mace. Aurenta ya mutu yarinyar tana wata bakwai, wani mai shagon taya ya fito yana so, amma ya ce shi ba ya iya barci da kukan jariri. Fara ta naɗe 'yar a tawul ta ajiye a kan tulin kayan wankin yayarta, ta ce, "Yaya, riƙe mini ita kwana biyu." Kwana biyun nan har yau ba su cika ba.

Mai Wanki ta goya, ta ba da madara da cokali, ta yi jinyar ƙyanda, ta sa a makaranta. 'Yar Tsuntsu take ce mata, don lokacin da aka kawo ta wuyan nan bai fi yatsa biyu ba, baki kullum a buɗe. Yarinya ta tashi tana ce wa Mai Wanki Inna. Fara kuwa, in ta leƙo shekara-shekara da 'yar ledar alewa, Anti ce. Yanzu 'Yar Tsuntsu ta zama mace, tana babban birni tana tuƙa doguwar bas ta kamfanin sufuri, irin mai lanƙwasa a tsakiya, da rigar aiki mai aljihu biyu.

Ta daɗe tana cewa Inna ta zo ta ga birni. Bana Mai Wanki ta yarda, ta sallami masu kawo mata kaya na mako guda, ta hau mota. 'Yar Tsuntsu ta tarye ta a tasha, suka hau bene har hawa na shida. Kafin a sa mabuɗi ƙofa ta buɗe daga ciki.

Fara ce a tsaye, da silifas ɗin gida a ƙafarta.

"Yaya, sannu da hanya. Cire takalmi a nan, ba ta son a taka mata shimfiɗa."

Mai Wanki ta cire. Ta zauna ta zuba ido. Fara ta san inda ake ajiye kofuna. Ta san yadda ake murɗa gas ya kama ba tare da ya yi tsaki ba. Ta san maƙwabcin da kunnensa ya yi nauyi, da wadda ba a ba ta aron tsintsiya. Can 'Yar Tsuntsu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Mama, ina kika sa mini caja?" Fara ta amsa ba tare da ta juyo ba. Wato Anti ta mutu an binne, ba a aika wa Mai Wanki ta zo gaisuwa ba. Ta haɗiye wannan da shayin da aka ba ta, shayin da aka cika wa sukari kamar ba a san ta daina sha ba.

Washegari ranar hutun direba ce, ta ce yau sai sun zaga gari. Suka sauka tashar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai matakala mai tafiya da kanta, Fara ta kama wa yayarta gwiwar hannu kamar mai fitowa daga asibiti.

"Sake ni. Da ƙafar nan na kai ki makaranta a goye."

A ƙasa akwai jerin ƙananan ƙofofi, kowace da fukafukai biyu na gilashi. 'Yar Tsuntsu ta sayo wani guntun tikiti ta ba Inna, ta taɓa katin aikinta a kan wani faifai, ƙofa ta buɗe, ta wuce. Fara ta zuge jaka a hankali, ta zaro shuɗin kati mai sheƙi da hotonta a jiki, ta taɓa, na'ura ta yi ƙara, ta wuce tana gyara mayafi. Mai Wanki ta yi yadda ta ga an yi. Ta ɗora tikitinta a kan faifan. Shiru. Ta juya shi ta sake ɗorawa. Ta danna da ƙarfi. Mutane suka taru a bayanta, wani mai kwat ya ja numfashi yadda za ta ji. Sai da wata mai gadi ta zo ta karɓa ta zura shi a wani tsagi da ke gefe, ya fito ta sama, sannan fukafukan suka rabu.

Fara tana can tsallake ta rufe baki da mayafi, kafaɗa na rawa.

"Naki da hoto," in ji Mai Wanki, "nawa kuma kamar takardar maganin ciwon kai. Me ya sa?"

"Ai wannan ba saya ake yi ba, Yaya. Kamfani ke bayarwa. Bas, jirgi, duk inda na ga dama, sai dai in taɓa in wuce."

"Suna ba kowa?"

"Ina fa. Ɗaya tak ake ba kowane ma'aikaci. Katin uwa ne."

"Uwar wa?"

"Uwar direba mana."

'Yar Tsuntsu ta samu taswirar da ke jikin bango ta kafa mata ido, kamar ba ita ce ke bin garin nan kullum ba.

Ranar an ga gari, ba a ce ba a gani ba. Jirgi ya yi tasha uku a cikin duhu, sannan ya fito ya hau gada, birni ya shimfiɗu a ƙasa. Sun shiga tsohuwar unguwa mai lunguna, inda benaye suka kusa haɗa goshi, ƙofofin katako masu ƙusoshin ƙarfe sun fi mutum biyu tsawo. Sun ga tsohon gidan waya mai ginshiƙai takwas da agogon da ya tsaya. Sun je unguwar bankuna, inda gini ke tashi gilashi zalla har sai mutum ya riƙe ɗankwali kafin ya ga ƙarshensa. Ko'ina Fara ce a gaba, yatsa a sama.

"Nan muka sha ruwan lemo bara. Ko ba nan ba ne, 'yata? Wancan kuma hawa arba'in ne, har sama mun je. Yaya, da kin hau da jiri ya kwashe ki."

Mai Wanki kuwa abin da ta gani a jikin ginin mutum biyu ne rataye da igiya, da bokiti a ƙugu, suna goge gilashi. Ta daɗe tana kallonsu. Na hagun ya iya aiki, na daman yana barin sabulu a kusurwa.

A bakin wata babbar gada 'Yar Tsuntsu ta miƙa wa wata mai wucewa waya ta ɗauke su hoto. Matar ta duba ta ce, "Ke da mamanki kamar an tsaga kara, har wushiryar." Sannan ta yafito Mai Wanki da hannu. "Gwaggo, ke ma matso ki shiga mana."

Ta shiga. A hoton rabin kafaɗarta babu.

Da la'asar suka koma gida. Fara ta shige wanka tana 'yar waƙa, 'Yar Tsuntsu ta shimfiɗa rigar aikinta za ta goge. Mai Wanki ta karɓe dutsen gugar daga hannunta, don yarinyar har yau daga baya take farawa maimakon kwala.

"Katin nan. Wa ya ce a ba ta?"

"Inna, dokar ofis ce. Sunan da ke takardar haihuwa kaɗai suke karɓa. Ba yadda zan yi."

"Ofis ne ya ce?"

"Ofis ne."

Mai Wanki ta mayar da dutsen guga kan rigar. In ofis ne da sauƙi. Ofis yana da ƙofa, yana da kujera, akwai wanda ke zaune a kanta. Ta fitar wa rigar kari a hannu biyu ta rataye.

Da safe direba ta fita aiki. Fara tana kwance da tsumma mai sanyi a ido. Mai Wanki ta ɗaura zani, ta sauka hawa shida, ta nufi tasha ita kaɗai. Ta sayi tikiti ta zura a tsagin da hannunta, ba wanda ya ja mata numfashi.

Ba ta karatu, ko baƙi ɗaya. Amma jiya a jirgi 'Yar Tsuntsu ta nuna musu garejin kamfaninsu ta taga, ita kuma ta riƙe hanyar da abin da ta sani. Bayan an fito daga duhu akwai unguwar da kowace baranda ke ɗauke da fararen riguna, ma'aikatan asibiti ke nan. Sai benayen da aka shanya singileti da wando a kan waya ba maƙali, farin ya koma ruwan toka, wannan gwauraye ne. Sai unguwar masu hali, katanga da itatuwa, ko ƙyalle ba ka gani, kamar ba sa datti. Daga nan sai dogon gini mai zanen gado iri ɗaya a kowace taga. Tasha ta gaba ta sauka. Ga basa-basai jere a fili, ga ofis a gefe mai ƙofar gilashi.

Akawun mace ce, mai tabarau a kan hanci, da tulin fayil a gabanta da fanka tana kaɗa musu kunne.

"Iya, lafiya? In kayan da aka manta a mota ne, ƙofa ta gaba."

"Ba kaya na manta ba. Wanda ya kafa dokar katin uwa nake nema. Ya fito."

"Wace doka?"

Mai Wanki ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ta faɗi sunan direbar, ta faɗi wata bakwai, da tawul, da ƙyanda, da shekarun makaranta. Ta ɗora hannayenta biyu a kan tebur ta buɗe su. "Ku da kuke zaune a ƙarƙashin fanka, wa ya gaya muku takarda ke raino? Takardar haihuwar ce ta tashi ta dama madara? Ku kira shi ya dubi hannun nan ya ce mini ba na uwa ba ne."

Akawu ta ture tabarau sama. Ta juya ta jawo wata durowa, ta yi ta bin fayil da yatsa har ta zaro ɗaya.

"Iya, mu ba ma tambayar takardar haihuwa."

"Me kuke tambaya?"

"Ba komai. Ga layi nan, an rubuta uwa. Ma'aikaci ya sa sunan da ya ga dama, ya kawo hoto. Akwai wanda ya sa kakarsa. Akwai wani bawan Allah da ya sa surukarsa, har yau abokan aiki ba su bar shi ya sha ruwa ba." Ta juyo da takardar. "Ga nata. Ita ta cike da hannunta, ga sa hannunta a ƙasa. Shekara biyu ke nan."

Mai Wanki ta dubi rubutun. Ba ta san abin da ya ce ba, amma ta san hannun. Ta sha wanke tawadarsa a aljihun rigar makaranta. Rubutu ne tsaf, ba kankara, ba inda biro ya tsaya ya yi tunani.

"Ana canjawa?"

"Sau ɗaya a shekara, in ita ta zo ta sa hannu. Iya, ko in kawo miki ruwa?"

"Wace mota take ja yau?"

Akawu ta kama hannun tsohuwar, ta rubuta lamba a tafin da biro, sau biyu tana bi don fatar ba ta karɓar tawada. "Ki tsaya a rumfa ta biyu. Amma ki sani, ba a magana da direba in mota na tafiya. Kora ake yi a kan haka. Kuma ba ni na gaya miki ba."

A rumfa ta biyu Mai Wanki ta tsaya tana gwada tafin hannunta da goshin kowace bas. Uku suka zo da lambar, duk maza ke ja. Ta huɗu ta tsaya, ƙofa ta yi huci ta buɗe, ga kwalar da ta goge jiya.

'Yar Tsuntsu ta buɗe baki.

"Ja motarki," in ji Mai Wanki. "An ce ba a magana."

Ta biya kamar kowa, ta zauna a kujerar da ke bayan direba, daidai inda madubi ke kallo. Mota ta tashi.

Hanyar doguwa ce. Suka ratsa kasuwar 'yan katako, suka hau gadar sama, suka sauka cikin unguwar da ake rushe tsofaffin gidaje, bangon ɗakunan mutane a tsaye a waje da fentinsu shuɗi da kore. 'Yan makaranta suka shiga suka fita. Duk tsayawa sai idon direba ya zo madubi, duk zuwansa sai ya tarar da na Inna yana jira. Kuma abin haushi, yarinyar ta iya tuƙi. Ta karya kwana da doguwar motar nan kamar tana naɗe zanen gado, ko taya ba ta taɓa dakali ba.

Wata mai kwandon kayan miya da ke gefenta ta taɓo ta. "Baiwar Allah, ina za ki sauka? Na ga tun ɗazu ba ki motsa ba."

"Inda mota ta gaji."

"Kin ga direbar nan? Kullum ita nake jira. Ba ta fisgar mutum, ba ta zagi. Wadda ta haife ta ta yi tarbiyya."

"Kin san ta, wadda ta haife tan?"

"Wata fara ce haka, mai fara'a. Takan zauna nan inda kike, ta ce wa kowa 'yarta ce."

Bas ta ɗan yi tangaɗi, ta daidaita.

Ƙarshen hanya wani fili ne a gefen gari, da rumfar kwano da wani dattijo mai usur a wuya, wanda ke sallamar motoci a kan lokaci. Kowa ya sauka. 'Yar Tsuntsu ta kashe mota, ta zagayo ta durƙusa a tsakanin kujeru.

"Inna, yaya aka yi kika zo nan? Da kin ɓata fa?"

"Na je ofishinku. Na ga mai tabarau. Na ga layin."

Injin yana ta ƙas-ƙas yana hucewa.

"Minti goma gare ni, Inna. Mu bari sai gida."

"A gida kika ce mini ofis ne. Da dutsen guga a hannuna ina goge miki riga kika dube ni kika ce ofis ne."

"To me zan ce? Sau nawa na ce ki zo? Sau shida. Kullum wanki ya yi miki yawa, kullum kayan wani ba su bushe ba. Ita Mama tana zuwa ganin likitan ido duk wata, asibitin yana wancan ƙarshen gari. Ke katin zai zauna ne a ƙasan akwati."

"Ya zauna. Akwatina ne."

"Ta roƙe ni, Inna. Ta zauna a kan shimfiɗar ɗakina ta yi kuka, ta ce ko sau ɗaya a rubuta ta a wani wuri. Ke ba ki taɓa roƙona komai ba."

"Au. Sai na roƙa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ita ta yi kuka ta samu. Tun muna yara haka take, ta yi kuka a ba ta nawa. Takalmi, makaranta, ɗan kunnen tsohuwarmu. Ban taɓa bin sawu ba. Wannan ne ban bari."

'Yar Tsuntsu ta share ido da bayan hannu. "Wata mai zuwa ake sabuntawa. Zan je in canja, wallahi. A ɗauke ki hoto gobe."

"Ki zare daga jakar mai ciwon ido ki ba ni, a ce Mai Wanki ta zo birni ta ƙwace wa ƙanwarta kati? Ina da ƙafa, ina da abin sayen tikiti. Ba ragowar Fara na zo karɓa ba."

"To me kike so in yi?"

Mai usur ya busa sau ɗaya. Da ya ga mota ba ta motsa ba ya tako ya leƙo ta ƙofa, ga fasinjoji sun fara taruwa a bayansa.

"Direba, lokaci. Iya, nan ne ƙarshe, sai a sauka."

"Ba na sauka. Hawo, malam, dama shaida nake nema." Ta gyara zama ta haɗe hannu a kan cinya. "Ke kuma ɗauko wayarki ki kira ta. Ta cire tsumman nan daga ido ta hau bas ta zo, ai ba biya take yi ba. Ta tsaya nan gaban mutane ta faɗi dare nawa ta kwana da ke a baya, da wane hannu ta karɓi abin da ta san ba nata ba ne. In ta gama ke ma ki faɗi naki, yadda aka tambaye ki uwa a takarda kika rubuta wata, kika bar ni shekara biyu ban sani ba. Malam, ka rubuta a littafinka cewa tsohuwa ce ta tsayar da mota, kada a ɗora wa direba. Amma tayar nan ba za ta juya da ni a ciki ba sai ɗayarsu ta amsa mini."